Kiɗan Da Baba Bai Goge Ba

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bin labarina. Yau sai kun yi haƙuri da ni, don abin da zan rubuta har gobe in na tuna shi sai ƙyama ta kama ni. Wata baiwar Allah ta turo mini saƙo wai na cika tsanar Sabiru, me bawan Allah ya yi mini haka? To 'yar uwa, gyara zama, yau za ki ji.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Zinariya, 'yar Audi Mai Kaset, haifaffiyar Daura, gidanmu ba nisa da rijiyar Kusugu. Abin nan ya faru ne lokacin da wayar hannu ta fara yawa a garinmu, 'yan shekaru kaɗan bayan an ƙaddamar da Shari'a. Ina koyar da 'yan aji biyu a wata firamare, Sabiru kuma yana nemana da aure.

Ku 'yan yanzu ba ku san kaset ba, dole in ɗan yi muku bayani. Kafin Shari'a, waƙoƙi Babana yake sayarwa, na Indiya, na Sudan, na Turawa, har da waɗanda ake kawo masa daga Damagaram. Da zamani ya juya bai jira an zo an same shi ba, da kansa ya koma sayar da wa'azi. Karatun Alƙur'ani a sabon kaset dal yake naɗarsa, wannan ba ya wasa da shi. Amma tsofaffin kaset-kaset ɗin waƙa da suka cika masa kwalaye, sai ya liƙe 'yan ramukan samansu da salatif ya ɗora wa'azi a kai, ya kai wa mutanen ƙauye ranar kasuwar Sandamu ko ta Dutsi.

To Baba yana da wata ɗabi'a. In ya sa tsohon kaset a rediyonsa mai baki biyu, ba ya danna jan maɓallin nan take. Sai ya bar shi ya ɗan yi tafiya tukuna, wai don farin zaren farko ya wuce. Farin zaren kuwa ya daɗe da wucewa, Baba yana zaune ya zuba wa bango ido. Sai daidai inda mawaƙi zai buɗe baki, sannan za ka ji ƙas, malam ya shigo da a'uziyya.

Haka na tashi na san waƙoƙi da yawa, amma farkonsu kawai. Ban san sunan ko ɗaya ba, ban san wa ya rera ba, ban taɓa jin muryar kowa a ciki ba. Ni na raɗa musu suna da kaina. Akwai Takun Raƙumi, wani kiɗan Sudan ne mai tafiya yana rangaji, goge da yawa suna tashi tare. Akwai Ruwan Farko, wanda ake fara shi da wani abu mai ƙara tsil-tsil kamar yayyafi a kan kwano. Akwai wani na Turawa mai ganga da kauri da na sa wa Ɗan Iska, don in ya fara sai ƙafarka ta motsa ko ba ka so. Sai kuma nawa na kaina, Mai Sallama. Jita ce take fara taɓawa a hankali kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar gidan surukai, ta yi shiru, sai sarewa ta amsa mata daga nesa. Wallahi in na ji sarewar nan sai in ji kamar wani nawa ne ya dawo daga tafiya. Waɗanda na fi so na ware su a ƙasan akwatina, na ɗiga wa kowanne jan farce a kusurwa don kada su cakuɗe da na sayarwa.

Ban taɓa tambayar Baba me ya sa yake barinsu ba, shi ma bai taɓa tambayata me ya sa nake yawan mayar da wa'azi farko ba.

Shi kuwa Sabiru hayar lasifika yake bayarwa. Da can ta gidajen biki, da abu ya canza ya koma ta wuraren wa'azi, ya tsayar da gemu, ya ɗage wando, ya shiga kwamitin matasan unguwa da kawunsa Malam Badaru yake shugabanta. Dogo ne, fari, kullum cikin jallabiya mai guga, da wani turare mai hawa kai da yake isowa zaure kafin shi. Wata da watanni yana zuwa zance ina ba shi amsa da eh da a'a, Baba ma yana ta jan ƙafa a kan maganarsa. Duk lokacin da Inna ta tayar da zancen sai ya ce, "A bari dai mu gani."

Ranar da na faɗa tarkonsa, wata Laraba ce da la'asar. Na ɗauko masa ruwa a kofin silba, ina sanye da atamfata ruwan ganye da hijabi ruwan toka, ban ma san ina rera Mai Sallama a hanci ba. Ina ajiye kofin sai na ji ya ɗora daga inda na tsaya.

Na ɗago da sauri. "Ina ka san wannan?"

"Ni zan tambaye ki, Malama," ya ce yana murmushi. "Yarinya kamarki ina kika ji wannan tsohon abu?"

"Me yake biyo bayan sarewar?"

"Au, ba ki sani ba?"

"Don Allah faɗa mini."

"Mace ce take shigowa. Murya siririya, kamar tana kuka tana dariya. Daga nan sai namiji ya amsa mata."

'Yan uwa, shekara da shekaru ina tsaye a bakin ƙofar nan, sai ga mutum ya ce ya san cikin gidan. Zama na yi a gefen tabarma na kwashe labarin duka na ba shi, har sunayen da na raɗa. Ya yi ta dariya, ya ce Ɗan Iska ya dace da sunansa. Da zai tafi ya ce in ara masa kaɗan ya ji, ko zai tuna mini sauran. Na shiga da gudu na ɗauko masa, har da Mai Sallama, na naɗe su a ɗankwali.

Kafin magariba saƙonsa ya shigo 'yar wayar da yayata ta bar mini: "Slm. Na ji su. Ashe zuciyarmu ɗaya ce tun ba mu haɗu ba." Sakarai da ni, sai da na karanta shi har batir ya yi ƙasa.

Ranar Juma'a ta sama, bayan an sauko daga masallaci, aka yi sallama da Baba. Inna ta ce in miƙa ruwa bakin zaure. Ta gefen asabari na leƙa, na ga Malam Badaru da wasu samari na kwamiti, Sabiru yana can baya ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Shi Malam Badaru ba zan yi masa ƙarya ba, dattijo ne mai gaskiya, abin da ya gani shi yake faɗa. Ya ce don mutuncin Baba ne ya sa ba su je shago ba.

"Malam Audi, wani abu aka kawo mana. An ce a kasuwar Sandamu aka saye shi a hannunka."

Ya zaro kaset daga aljihu. Daga inda nake na hango ɗigon jan farce a kusurwarsa.

Ruwan ya zube mini a ƙafa. Kaset ɗin nan bai taɓa ganin hanyar Sandamu ba, daga akwatina ya fita. Suka sa shi a rediyon da suka zo da shi, jitar ta fara taɓawa a tsakiyar zauren gidanmu, gaban yaran da Baba ya haifi kamarsu. Wani ya ce subhanallahi, wani ya toshe kunne da yatsa, wai shi a dole mai tsoron Allah. Sarewa ta amsa, ƙas, malam ya shigo.

"Kiɗa a gaban maganar Allah, Malam Audi?" in ji Malam Badaru.

Baba ya sunkuyar da kai. Da ya yi magana, muryarsa ba irin wadda na sani ba ce. "Kuskurena ne, Malam. Allah ya yafe mana."

Wani ɗan tsaki a cikinsu ya ce a kwaso duka a cinna musu wuta a ƙofar shago, kowa ya gani ya ɗauki darasi. Sai ga Sabiru ya matso a kan gwiwoyinsa, murya a ƙasa kamar mai ta'aziyya.

"Kawu, ina neman alfarma. Baba dattijo ne, ba da gangan ya yi ba. In aka ƙona, har da wa'azin za a ƙona. A ba ni su, ni zan zauna in goge farkon kowanne, saboda Allah. Maganar kuma ta tsaya a nan."

"Allah ya yi maka albarka, Sabiru," in ji Malam Badaru.

Da kunnena na ji Babana ya ce amin.

Magana kuwa ba ta tsaya a nan ba, yaushe magana ta taɓa tsayawa a Daura? Kafin sati ya zagayo yara suna wucewa ta ƙofar shago suna kiɗa da baki. A majalisarsu ta gindin dalbejiya wani ya kira shi Audi mai wa'azin rawa, aka yi dariya, daga ranar bai sake zama a can ba. Daga masallaci sai gida. Tuwo in an kai masa sai ya taɓa gefe ya ture. Sabiru ya zo da kurar ɗaukar kaya ya kwashe kwalayen duka, har na cikin ɗakina, don Inna da kanta ta buɗe akwatina ta tattara masa. Bayan kwana biyu ya dawo da su a goge tas. Na sa ɗaya na ji, babu komai sai huuu, sannan malam.

Daga nan gidanmu ya zama gidan yabon Sabiru. Gwaggo Shatu, ƙanwar Baba, ta taso tun daga Dutsi da ƙullin daddawa da bakinta.

"Ke Zinariya, in ba ki auri yaron nan ba wa za ki aura? Yaron da ya rufa wa ubanki asiri a gaban mutane!"

"Gwaggo, ni dai..."

"Ke dai me? Ji min yarinya. Sa'o'inki suna goye da na biyu, ke kina nan kina goge allo."

Da Gwaggo ta shiga banɗaki na samu Inna a madafa tana tankaɗe. Na durƙusa kusa da ita.

"Inna, shi fa ya kai kaset ɗin nan."

Ba ta daina tankaɗen ba. "Wa ya faɗa miki?"

"Nawa ne. Na ga alamata a jiki."

Sai a lokacin ta ajiye rariya ta dube ni. "To ya aka yi naki ya je hannunsa?"

Na kau da kai.

"Ki rufa mana asiri ki rufa wa kanki," ta ce ƙasa-ƙasa. "Mutumin nan da ƙyar yake haɗiyar abinci. So kike ya ji cewa daga cikin gidansa abin ya fita? Magana ta wuce. Ranar Asabar za su kawo goron sa rana, ya riga ya amsa musu."

Ban ga laifin Inna ba, tsoro take ji. Amma ni tun daga ranar ko sunan Sabiru aka ambata sai in tashi in bar wurin. Saƙonninsa kuwa ba su fasa shigowa ba. "Amaryata ya gajiya?" "Kin yi shiru, ko kunya ce ta fara?" "Gobe ina tafe da tsaraba, ki yi kwalliya."

Ban yi ba. Da tsohon zanen Inna na fita da hijabin sallata, fuska ko mai babu. Shi kuwa ya sha farar shadda, ya karya hula, turaren nan ya cika zaure har yana sa ni tari. Ko gaishe shi ban yi ba.

"Kai ka kai wa Malam Badaru kaset ɗina," na ce.

Na zaci zai yi rantsuwa, ko ya yi fushi, ko ya sunkuyar da kai. Wallahi da ya yi ɗaya daga ciki da ƙila na ji sauƙi. Dariya ya yi, har da buga cinya.

"Kai, Malama, ashe kina da ido."

"Ka san halin da Babana yake ciki kuwa?"

"Haba, zai warware. Ke ba ki san dabara ba. Wata nawa yana ja mini rai, a bari mu gani, a bari mu gani? To ga shi ya gani. Yanzu ko cewa na yi gobe a ɗaura, zai ce a'a ne?"

"Saboda haka ka tozarta shi?"

"Saboda ke na yi. Wannan ai so ne, Zinariya. Wani sai dai ya kawo miki sabulu."

Ya turo mini baƙar leda da yatsan ƙafarsa. Da ƙafa, 'yan uwa. A ciki akwai turare, da man shafawa, da kaset sabo fil.

"Kin zaci zan goge abin da kike so ban ajiye miki ba? Kafin in taɓa kowanne sai da na kwafe farkonsa. Duk suna nan. Duk faɗin Daura yanzu ba mai su sai ni." Ya rage murya yana lumshe ido. "Gefen farko naki ne. Ɗaya gefen kuma namu ne, sai a ɗakinmu."

Ya kamata in jefa masa ledar a fuska, na sani. Amma hannuna ya riga ya damƙe kaset ɗin, shi ma ya ga na damƙe, ya yi wani murmushi da har yau ban yafe masa ba.

Washegari da hantsi su Inna suka tafi barka, gida ya rage ni kaɗai. Na turo ƙofa, na sa sabon batir a ƙaramin rediyon Inna, na danna. Jitar ta fara taɓawa. Hawaye suka zubo mini tun kafin in shirya. Ta yi shirunta, ina jiran sarewa, sai kawai na ji numfashin mutum a kan lasifika, fuu, fuu, da ƙarar lashe leɓe.

"Gwaji, gwaji. Assalamu alaiki ya sarauniyar mata. Wannan Sabirunki ne yake magana daga ɗakinsa..."

A kan sarewar ya yi magana. A kanta daidai. Tana can ƙasa tana ƙoƙarin fitowa, shi yana sama yana shaƙar hanci yana kirana zumarsa. Tsigar jikina ta tashi, na ji kamar na ɗaga murfin kwanon furata na tarar da ƙuda ya mutu a ciki. Takun Raƙumi ya shigo, ya ce wai haka zan riƙa yi masa tafiya in na kawo abinci. A kan Ruwan Farko har gyatsa ya yi, ya ce afuwan. Da aka zo Ɗan Iska kuwa sai ya saki jiki gaba ɗaya, yana tafi yana dariya.

"Kin ga yadda na yi da su Kawu? Suna can suna sa mini albarka, wai na goge kiɗa. Shi ma tsohon naki har da amin ɗinsa. Ki bar su, ni da ke muka san ta kan duniya."

Na kashe. Na fita tsakar gida na wanke fuska, na kurkure baki kamar ni na faɗi maganar. Ɗaya gefen ko juya shi ban yi ba, har yau ban san ƙazantar da ke ciki ba, ba na kuma son sani.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na koma ɗakin na mayar da shi farko. Akwai ɗan wuri kaɗan kafin numfashinsa ya shigo, inda jitar take ita kaɗai, tsaf da ita. Shi na yi ta maimaitawa, in ya kusa fara fuu-fuu ɗinsa in tsayar. Ina yi ina jin ƙyamar kaina, don na gane abin da yake nufi ke nan. Haka yake so in zauna a gidansa, ina tsintar ɗan abin da nake so a tsakanin numfashinsa.

Saƙo ya shigo: "Kin ji? Wanne ya fi daɗi, kiɗan ko mai gabatarwa?"

Asabar ta zo. Tun safe Gwaggo Shatu ta sa aka share gida har bayan randa, aka turara zaure, aka shimfiɗa sabuwar darduma. Inna ta ciro mini leshi ruwan hoda mai duwatsu da ta daɗe tana ɓoyo, Gwaggo ta kafa mini ɗauri tana ja kamar za ta cire mini kai, ta zizara mini kwalli.

"Saki fuskar mana! Kamar wadda za a kai asibiti."

Bayan azahar suka iso. Malam Badaru ne a gaba, da wasu dattawa biyu na danginsu, da huhun goro da kwalin alewa. Sabiru bai zo ba, ai ango ba ya zuwa. Na ga wucewar Baba zuwa zaure cikin babbar rigarsa ta sallah, ta yi masa yawa saboda ramar da ya yi. Ya tsaya a ƙofar ɗakina bai shigo ba.

"Uwata, kin dai amince ko? Yaron ya yi mana halacci."

Inna tana bayansa ta kafe ni da ido. Bakina ya ƙi buɗuwa. Ya ɗauki shirun a matsayin kunya, ya gyaɗa kai ya wuce.

Na zauna a bakin gado, rediyon yana ƙarƙashin filo. Lissafin a fili yake. In na yi shiru, kafin la'asar an sa rana, Babana zai ƙare rayuwarsa yana gode wa mutumin da ya kunyata shi. In kuwa na fitar da kaset ɗin nan, ba zai dawo ba, ƙona shi za a yi, kuma babu wani a duniya. Daga ranar ni da Mai Sallama sai dai a hanci. Sannan dole a tambayi yadda aka yi na farkon ya fita daga gidanmu.

Daga zaure na ji an gama gaisuwa, Malam Badaru ya gyara murya ya fara salati.

Na miƙe. Gwaggo tana madafa tana zuba zoɓo a jug, Inna ce ta gan ni da rediyo a hannu. Ta dafe ƙirji.

"Ke! Don girman Allah..."

Ban tsaya ba. Na je bayan asabarin zaure na ajiye shi a ƙasa, na murɗa muryar har ƙarshe, na danna.

Jitar ta ƙwanƙwasa. Salatin ya tsaya cak.

"Gwaji, gwaji. Assalamu alaiki ya sarauniyar mata. Wannan Sabirunki ne..."

Jug ɗin Gwaggo ya faɗi. Wani daga cikin dattawan ya ce innalillahi. Asabari ya ɗaga, Baba ya fito, fuskarsa ta yi wani iri. Na runtse ido ina jiran mari, duk da bai taɓa dukana ba. Shiru. Da na buɗe sai na gan shi a tsaye a kan rediyon, bai kashe ba. Ya saurari zumar, ya saurari gyatsar, ya saurari tafin, har aka zo wurin "shi ma tsohon naki har da amin ɗinsa." A nan ne na ga gemunsa yana rawa.

Ya sunkuya ya tsayar da shi. Ya dube ni.

"Shi ya ba ki?"

"Eh, Baba."

"Kin san in na shiga da shi ba zai fito ba?"

"Na sani."

Sai ya danna maɓallin mayarwa, zaren ya yi ta gudu har ya tsaya. Ya rage muryar sosai, yadda daga ni sai shi, ya kunna. Muka tsaya a rana, ni da leshina shi da babbar rigarsa, jitar ta taɓa mana a hankali har ta yi shirunta. Kafin numfashin nan ya shigo Baba ya ɗauke da yatsansa, daidai wurin, ko kuskure babu. Ya share ido da hannun riga, ya ɗauki rediyon ya shiga zaure.

Inna ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da gyale. Gwaggo tana ta faɗin "Mun shiga uku," zoɓo yana bin ƙafarta. A ciki aka sake kunna shi tun daga farko, har ya kai inda ya kai. Wayata ta yi ƙara a hannuna: "Amarya, an sa? Wata nawa suka ba mu?"

Ban gama karantawa ba na ji muryar Malam Badaru, kamar ba tasa ba.

"A je a nemo mini Sabiru duk inda yake." Sai ya ƙara da cewa, "Malam Audi, ka yi haƙuri, a kira mini yarinyar ita ma. Wancan kaset ɗin na ranar Juma'a, ina so ta faɗa mini a gabanka daga hannun wa ya fito."

Inna ta ɗago tana girgiza mini kai, hawaye shaɓe-shaɓe. Na warware ɗaurin da Gwaggo ta kafa mini na ajiye a kan igiya, na zura hijabina, na cire takalmi a bakin ƙofa.

Baba ne ya ɗaga mini asabarin da hannunsa, yana kallon fuskata, bai san amsar da zan bayar ba.